Kawunan 'Yan Tsanan Gidan Pang

"Kashe abin nan, Weitao!"

Tsawar Baba ta sa Mama leƙowa daga kicin da ludayi a hannu. Weitao bai kashe ba. Ya ƙara matso da kwamfutar, a fuskarta Janar Mai Jan Gemu yana ta wulwula mashi, sak yadda yake yi a bayan farin ƙyallen Baba.

"Baba ka duba mana... 'yan tsananka ne! Duk hudar da ka yi a fatar tana nan. Nan da 'yan watanni mutanen Turkiyya da Brazil za su fara buga wasan nan a wayoyinsu, da sunanka a kai!"

"In sun gama wasan, wa ke cire musu kai?"



Tun kakan kakansu gidan Pang ke wasan inuwa a garin Langzhong. A jeme fatar sa, a yanka ta siffar mutum, a rina, a sa ta rawa tsakanin fitila da ƙyalle. Kuma doka ɗaya ce ba a taɓa karyawa ba: in an tashi daga wasa sai a zare kan kowace 'yar tsana, kawuna su kwana a jaka, jiki a akwati. Wadda aka bari da kai a jikinta ba ta barci, mai ita ma ba zai samu salama ba.

"Baba, hoto ne fa kawai..."

"Hoto! Ka gudu daga makaranta na yi shiru. Ka gudu daga sana'ata ka tare a shagon kwamfuta na yi shiru. Yanzu kuma ka kwashe min su ka kai wa baƙi, su yi ta yaƙi babu hutu?"

Sai ya juya ga Shuyin, budurwar Weitao, wadda ta takure a bakin kujera. Zuwanta na farko ke nan gidan, ganyen shayin da ta kawo tsaraba ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ke ce mai Turancin?"

"Ni ce, Kawu."

"Ke kika samo masu saye?"

"Ba sayarwa za mu yi ba, Kawu, so muke duniya ta..."

"Duniya!" Baba ya miƙe. "Weitao, in suka ƙetare teku da kawunansu, kar ka sake kawo min yarinyar nan. Ranar auren kuwa ka nemi wani uban!"

"Haba Tsoho!" in ji Mama. "Ko shinkafa ba ta ci ba!"

Baba ya riga ya shige ɗakin aikinsa ya bugo ƙofa.

A jirgin ƙasa na komawa Chengdu, Weitao ya kasa zama. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

"Mu saki wasanmu kawai! Mu je ofis a ɗaura mana aure mu biyu. Zai huce don kansa."

"Ba zan yi ba."

"Shuyin, zuciyata..."

"Kar ka zuciyata ni!" Idanunta sun kaɗa. "Ina jaririya mahaifina ya rasu, ka sani. Duk hanyar nan da muka taho ina ta gwada yadda zan gaishe shi, ina cewa yau na samu uba. Shi ne za ka ce mu tsallake shi?"

Ya zauna kusa da ita.

"To mu janye wasan."

"Ka haukace? Abokan aikinmu da suka shekara suna cin taliyar leda saboda shi fa? Ni da na bi kamfanonin waje ɗaya bayan ɗaya suna yi min dariya?"

"To ya kike so in yi? In tsaga kaina biyu?"

Ta share hawaye da bayan hannu. Can ta ce a hankali, "Yaya ake cirewa?"

"Me?"

"Kan. Ban taɓa gani ba."

Weitao ya ɗaga hannu yana kwatanta mata a iska. A kama wuya da yatsa biyu, a zare a hankali, a kwantar a jaka. Aikinsa ne yana yaro, bayan 'yan kallo sun watse, ƙyalle ya yi fari fat, fitila ta rage haske. Rabonsa da tuna wannan shirun har ya manta.

Hannunsa ya tsaya cak a sama.

"Shuyin... in mutum zai fita daga wasan, me zai hana mu sa shi ya cire musu kai da kansa? Ba zai rufu ba sai ya kwantar da su!"

Ta zuba masa ido.

"Ashe dai akwai wani abu a cikin kan nan naka."

Weitao ya duƙufa. Ya zana akwati, ya zana jaka, ya zana hannu mai zare kawuna. Matsalar ita ce Tuncay, wakilin kamfanin Istanbul da zai kai wasan kasuwannin waje. Ranar da suka yi magana da shi ta bidiyo, Weitao na gefe yana tsintar Turancin kalma-kalma, Shuyin na raɗa masa sauran.

"Wai mai wasa so yake ya danna ya fita. Wai za su ji haushi su goge shi."

"Ki ce masa..."

Ba ta jira shi ba. Ta gyara zama ta fuskanci mutumin, murya ba rawa. Ta yi magana mai tsawo, ta rufe da 'yar gajeruwa. Fuskar Tuncay ta canza.

"Me kika ce masa?"

"Na ce 'yan tsanan nan suna da gida, gidan yana da doka. In ba zai ɗauke su da dokarsu ba, ya nemi wani wasan."

"Shuyin! Shi kaɗai ne fa ya karɓe mu!"

"Na sani." A ƙarƙashin tebur ya kama hannunta ya riƙe gam.

Tuncay ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce za a bai wa masu gwaji, in suka ƙi, magana ta ƙare.

Wasu kam sun yi tsaki. Amma yawancinsu tambaya suka dinga aikowa: wane ne mai akwatin? Yana raye? Wani ɗan Brazil ya ce 'yarsa ta hana shi rufe waya da sauri, wai Janar bai kwanta ba. Tuncay ya bugo yana dariya, ya ce a bar shi yadda yake.

Saura Baba.

Da hantsi suka iso Langzhong. Baba na ɗakin aiki yana huda fata, ko ɗagowa bai yi ba.

"Na ce kar ka kawo ta."

"Ni na kawo shi, Kawu," in ji Shuyin, ta ajiye kwamfutar a gefen wuƙaƙensa. "Ka kalla sau ɗaya. In bai yi maka ba, da ƙafata zan fita."

"Ba na kallo."

"Kalla mana, Tsoho!" Mama ta faɗa daga bakin ƙofa. "Kai da kake leƙen hoton wasan nasu a wayata kana zaton ban sani ba!"

Baba ya yi gyaran murya, ya saci kallo ta wutsiyar ido. Yaƙi ya ƙare, fitila ta rage haske. Hannu ya fito ya zare kan Janar, ya kwantar a jaka.

Wuƙar hannun Baba ta daina motsi.

"Wane jakin ne ya koya maka haka?"

"Baba?"

"Janar za ka fara cirewa, ka bar aljanu da kawunansu? Mugaye ake fara kwantarwa! Kuma ka haɗa fuskarsa da ta abokin gabarsa a aljihu ɗaya, so kake su kwana suna harara?" Ya jawo kwamfutar gabansa ya sa tabarau. "Wannan kuma hannun waye? Sai ka ce na mahauci! Haka mutanen Turkiyya za su ce gidan Pang ke yi?"

"Shi ya sa muka zo, Kawu." Shuyin ta buɗe jakarta ta fito da kyamara. "Nasa bai iya ba. Ka ba mu naka."

Baba ya dubi kyamarar, ya dubi hannayensa masu kanta da tabon wuƙa.

"Waɗannan... baƙi za su gani?"

"Duk wanda ya buga wasan, a kowace ƙasa yake, hannunka ne zai nuna masa yadda ake yi."

Baba ya tashi ya fita. Weitao ya dubi Shuyin, ita ma ta dube shi, fuskarta ba jini. Sai ga Baba ya dawo sanye da baƙar rigarsa ta biki, ya taje gashi har da mai.

"Tsoho, hannu za a ɗauka, ba riga ba!" Mama ta tuntsire da dariya.

"Ke yi min shiru! Je ki ƙara wa yarinyar nan kwano, kin ga yadda ta rame? Kai kuma ɗauko akwati, ka tsaya kana kallona kamar gunki!"

Weitao ya juya da sauri don kar a ga idonsa.

Wasan ya fita da kaka, aka yi biki da bazara. Baba ya cika gidan shayin unguwa da labarin hannunsa, har abokansa suka fara guduwa in sun hango shi da waya.

Ranar auren, Shuyin ta durƙusa cikin jar riga, ta miƙa masa kofin shayi da hannu biyu. Daga wannan kofin amarya ke canza sunan da take kiran surukinta.

Ta ɗago ta dubi tsohon. Weitao ya taɓa gwiwar hannunta.

"Baba... ga shayi."

Karo na farko ke nan da ta kira wani mutum da wannan suna. Tsohon ya karɓa, ya shanye tas.

"Ban ji ba," ya ce, yana goge ido da hannun riga. "Kunnena ya tsufa, 'yata. Sake faɗa."