Ƙarin da Ya Dawo Muƙamuƙinta

A'a 'yata, ba cutar kansa ba ce. Irin ƙarin nan ne na muƙamuƙi, ba ya kisa, amma ko an yanke sai ya lallaɓo ya dawo. Haka ya dawo wa matar wani mai gyaran waya, bayan an yi tiyata har an manta.

Ita ta fara jin sa da harshenta, ta yi shiru. Ta tuna yadda surukarta, Umma, ta yi jinyarta wancan karon tana tsaki. Sai ta daina zuwa ganin likita, ta koma tauna da gefe ɗaya. In an zauna cin abinci sai ta tura wa mijin namanta.

"Ka ga matar kirki," in ji Umma. "Ci abinka, ɗana."

Shi ko yana ci yana dariya. "Madam, soyayyar nan za ta sa mini tumbi."

Ranar da bakinta ya ƙi buɗuwa sosai asiri ya tonu. Likita ya duba hoto, ya ce wannan karon sai an cire ƙashi, fuskar za ta ɗan karkace.

A barandar asibiti Umma ta zube kan benci, ta dubi ɗanta. "Ni na gaji. Ka kai ta gidansu, su ma su taɓa. Sau nawa za a yi ta yanka?"

Yarinyar tana ji daga bakin ƙofa. Ta ɗauki jakarta, hawaye na zuba. "Gaskiyar Umma ce. Ni ma na gaji da kaina."

"Ajiye jakar nan," in ji mijin a hankali. "Umma, ciwo na cin ta, ni ina cin namanta har da tsokana. In na mai da ita yau, da wane ido zan dubi iyayenta?"

Umma ta tashi ta tafi.

Aka yi aikin, fuska ta karkace. Yarinyar ta juya ta fuskanci bango, ba ta son kowa ya gan ta. Sai ga Umma da kwanon kunu da ƙaramin cokali, tana hurawa.

"Buɗe kaɗan, 'yar nan. In ya sake dawowa, ni za ki fara gaya wa. Kin ji ko?"

Ta gyaɗa kai, ta buɗe.

Shi ya sa nake ce muku, kada tsoron gajiyar mutane ya sa ku ɓoye ciwo. Mai tsaki ma, in an yi haƙuri da shi, yakan dawo. Bari in tashi, ga baƙi can suna ta sallama.