Saurayin da Ya Ƙirga Shanun Baffa Dabo

Ranar da Hussaina ta fara ganin Taufiq, gajeren wandon kaki ne a jikinsa, da doguwar safa har gwiwa, da hular Turawan zamanin da, wadda ta yi masa yawa har tana danne masa kunnuwa. Ba shigar da budurwa za ta gani ta ce ta ga miji ba ce. Sai dai so ba ya shawara da tela.

A shekarar 2009 ne. Hussaina malama ce a wata firamare a Tudun Wada, ta kai 'yan aji biyar ɗakin tarihin da wasu tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa suka buɗe a wani tsohon sito kusa da tashar Minna. A wurin nan ba a hana yaro taɓa komai. Yara suka naɗa gammo suka ɗauki kwandunan ƙasa kamar yadda aka tilasta wa kakanninsu lokacin shimfiɗa layin dogo. Suka hura gawayi a dutsen guga, suka sayi gyaɗa da anini mai huji a hannun Phoebe, abokiyar aikin Taufiq, 'yar Kafanchan da kakanta ya tsufa a aikin jirgi.

Daga nan aka zo wasan jangali, wato harajin shanun da ake karɓa a wurin makiyaya. Aka ɗaura wa yara ashirin ƙahonnin kwali suka zama shanu, biyu suka saɓa sanda suka zama Fulani. Taufiq ya fito a matsayin Di'o, Baturen mulki, da littafi a hannu yana taku ɗai-ɗai, yana nuna su da yatsa cikin Hausar Bature.

"Ɗaya, biyu, uku! Kai Fulani, tsaya nan!"

Makiyayan suka sunkuyar da kai, shanu suka jeru lamo har aka gama ƙirga su. Hussaina ba ta san lokacin da magana ta kuɓuce mata ba.

"Malam, wa ya ce maka haka ake yi?"

Ya juyo. Ya kalle ta, ya manta da Hausar Bature, ya kusa mantawa da tasa ma.

"A littafi na karanta, Malama."

"Littafin wa?"

"Na Turawan."

"To, shi ya sa," in ji ta, ta gyara mayafinta ta kau da kai.

Kafin su tafi ya san 'yar Fulani ce daga bayan Maikunkele, ya kuma karɓi lambar wayarta, wai saboda gyaran tarihi. Ba ta kai gida ba saƙo ya shigo.

"Malama, Di'o ne mai babbar hula. Tun da kika fita na kasa ƙirga komai daidai. Ki taimaka ki riƙa gyara mini tarihina, ko sau ɗaya a mako."

Ta ja masa aji kwana biyu cur, sannan ta amsa.

"Kurakuranka sun fi ƙarfin sau ɗaya a mako."

Gaskiyar magana, ita ma ba ta san yadda ake yi ɗin ba. Abin da kawai ta sani, mahaifinta Baffa Dabo ya ga jangalin Turawa da idonsa yana yaro, kuma in aka ɗauko zancen yakan ce, "Mu dai ba mu taɓa tsayawa ba," sai ya tashi ya bar wurin. Don haka tarihin bai gyaru ba, amma zukata sun daidaita. Ya koma kiranta Malamata, ita kuma tana ce masa Di'ona. Duk ranar Juma'a yakan tare ta a bakin makaranta da rake a leda, su tako har inda take hawa motar Maikunkele, tafiyar minti goma su mai da ita ta awa guda.

"Wai me ka gani a wurina?" ta tambaye shi wata rana.

"Kowa yana tafa mini, ke kaɗai kika ce na yi kuskure. Mai gaya maka gaskiya a gaban yara arba'in, ita ake kai wa gida."

Ta rufe fuska da mayafi, amma daɗin maganar ya bi ta har mako ya zagayo.

Bayan wata biyar ya ce zai zo gaishe da Baffa. Hussaina ta yi masa bita kamar mai shirin jarrabawa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kada ya kalli Baffa cikin ido, in an kawo fura kada ya shanye. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, domin bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai ɗan Adam ɗin da sai an gaya masa ba.

Ya zo ranar Asabar da hantsi, an gama tatsa, shanu ba su fita kiwo ba. Gaisuwa ta yi kyau, har Baffa ya sake. Sai Taufiq ya ɗaga kai ya ga garken, farare tas suna sheƙi. Murna ta kama shi, yatsan nan da ya saba ya miƙe da kansa.

"Ɗaya, biyu, uku..." Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. "Arba'in da uku! Baffa, ashe kai babban mutum ne!"

Inna Altine, mahaifiyar Hussaina, ta ajiye ƙwaryar nono tana ta faɗin "Tubarkalla, tubarkalla" a ƙasan maƙoshi. Hussaina daga bayan zana ta dafe kai. A wurinsu ba a ƙirga shanun mutum a gabansa, ba a ma tambayarsa nawa ne. Makiyayi da suna da kama yake sanin dabbobinsa. Mai ƙirgawa, ko mai mugun baki ne ko mai zuwa karɓa.

Baffa ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

"Ka gaida gida, yaro."

Kamar da gayya, kwana uku bayan haka wani ɗan maraƙi ya kwanta bai tashi ba. Yisa mai shagon maganin dabbobi, wanda ya daɗe yana kawo wa Baffa kanwa kyauta yana satar kallon ƙofar Hussaina, shi aka kira ya duba. Ya duba, ya kuma ƙara gishiri.

"Ai Baffa, sana'ar saurayin nan ke nan. Hular masu jangali yake sawa yana ƙirga Fulani, yara suna dariya."

Da yamma Baffa ya kira Hussaina.

"Na bar ki kin yi boko, ban hana ki aiki ba. Amma mai ƙirga shanu ba zai zama surukina ba. Na gama magana."

Hussaina ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Abin da ya ƙara ƙona mata rai, mako guda babu kira babu saƙo daga Taufiq. Ta ce a ranta, ashe mazantakar tasa iyakarta cikin hula. Ranar Litinin sai ga Phoebe a makaranta, ta sauko daga acaɓa tana haki.

"Hussaina, mutumin ka zai mutu fa! Abinci ba ya ci, wasan jangali ya daina, hula ma ya kulle a akwati. Ya ce kunya ba zai bar shi ya kira ka ba. Abeg, ka yi wani abu."

Kafin a tashi makaranta saƙonsa ya shigo, da alama Phoebe ta je ta tsaya a kansa.

"Malamata, na karanta littafi ɗari a kan mutanenki, na zo gidanku na nuna ban san komai ba. Ba ni da bakin ba da haƙuri. Amma in na rasa ki, ban san inda zan sa kaina ba."

Ta karanta ya fi sau goma. Ta san Baffa sarai, roƙo ba ya motsa shi, amma ba ya iya jin an yi ƙarya ya yi shiru. Ta rubuta:

"Di'ona, ranar Alhamis ka fito da hularka. Ka yi wasan yadda ka saba, kada ka gyara komai. Kada ka tambaye ni dalili."

"Za ki sa a fasa mini kai da sanda. Amma to, na ji."

Ta sami Baffa a gindin mangwaro yana tufka igiya, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baffa, ba zancen aure ya kawo ni ba. Kowane mako yara sun fi ɗari suna zuwa wurin nan. Ana nuna musu cewa in mai jangali ya zo, Fulani tsayawa suke yi su sunkuyar da kai har a gama. 'Yan ajina ma haka suka rubuta a jarrabawa."

Hannun Baffa ya tsaya.

"Tsayawa? Mu?"

"Haka littafin Turawa ya ce. Kuma babu wanda ya je ya ƙaryata."

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara Baffa ya sa malfarsa ya riga ta fita bakin titi.

Da suka isa ɗakin tarihin, ya tsaya can baya da sanda a kafaɗa yana kallo. Taufiq ya fito da littafinsa ya fara wasan. Bai kai ga ƙirga saniya ta biyar ba aka daka tsawa.

"Ƙarya ne!"

Baffa ne. Taufiq ya cire hular ya durƙusa.

"Baffa, ga fili. Ni ne Baturen. Ka yi mini yadda kuka yi musu."

Baffa ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya juya ga yaran. Ya ɗora ɗaya a kan benci ya ce bencin ne bishiya, aikinsa hango ƙurar doki. Ya ware shanu uku ya ce su ne tsofaffi, su za a bari a gani. Sauran ya ce da sun ji kiransa kowa ya nemi daji, domin shanun da sun san muryar mai su, kira ɗaya ya ishe su.

Taufiq ya mai da hula ya sake shigowa da taƙama. Na kan benci ya yi fito. Baffa ya sa hannu a kunne ya saki wani dogon kira mai kaifi wanda Hussaina ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Kafin ƙiftawar ido shanu sun watse, wasu ƙarƙashin tebur, wasu bayan kwanduna, wasu har waje. Taufiq ya bi wannan ya bi wancan, hula ta faɗi ta gangara, ya dawo yana haki ya tarar da tsofaffi uku suna tuƙa.

"Kai Fulani, ina sauran?"

"Iyakarsu ke nan, ranka ya daɗe," in ji Baffa, fuskarsa kamar ta salihi. "Bana ciwo ya yi mana ɓarna."

Ɗakin ya kece da dariya da tafi. Sai da aka maimaita wasan sau uku, kuma a na ukun Baffa da kansa yana dariya har malfarsa ta karkace.

Da aka zauna hutawa, wata yarinya mai suna Liyatu ta ɗaga hannu.

"Kaka, ba a taɓa kama ku ba?"

Baffa ya ajiye sandarsa.

"An taɓa, sau ɗaya. Ni ne a kan bishiya, ina da shekara tara. Na ga ɗinya ta nuna, na sauko tsinka. Ban ankara ba sai ga su a tsakiyar garke, suka ƙirga mu tas, suka kuma ci mu tara. Sai da mahaifina ya sayar da Wule, saniya mai farin goshi da ya gada a wurin uwarsa. Bai doke ni ba, bai ma yi mini faɗa ba. Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi." Ya share ido da bakin rigarsa. "Shekara hamsin da ɗoriya, yau na fara faɗa."

Hussaina tana hawaye ta duba inda Taufiq yake. Yana zaune a ƙasa cikin yara, ya tura littafin gefe.

"Baffa," ya ce a hankali, "wannan babu shi a littafinsu. Na yi maka laifi a gidanka saboda jahilci, ka yafe mini. In za ka yarda, wurin nan naka ne duk Alhamis. Ni na iya zama Baturen da ake yi wa dariya."

"Ka iya kam," in ji Baffa. Ya miƙe ya gyara malfa, ya kai bakin ƙofa sannan ya tsaya bai juyo ba. "Maraƙin nan gudawa ce ta kashe shi, na sani tun ranar. Ka ce wa manyanka su zo."

Phoebe ta rangaɗa guɗar da sai da masu sayar da lemo a bakin tasha suka waiwayo.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Maikunkele. Tsofaffin ma'aikatan jirgi suka zo, malaman firamare suka zo, 'yan aji biyar suka cika mota guda. Yisa ma ya zo ya ci shinkafa ya yi addu'a, don ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Inna Altine ta dama furar da har yau ana zancenta.

Da la'asar, da za a tafi da amarya, Baffa ya sa aka kira ango. Hussaina tana durƙushe cikin lulluɓi, tana sauraron mahaifinta.

"Taufiq, ni ba na ƙirga abin da Allah ya ba ni, amma yau zan ƙirga maka. Biyu aka ba ni rana ɗaya. Hassana ta koma tana da kwana arba'in. Wannan ɗaya ce ta rage mini, kuma ga ta na ba ka."

Taufiq ya kasa ɗaga kai, hawaye na ɗiga a kan sabuwar shaddarsa.

"Na karɓa, Baffa. In Allah ya yarda ba za ka yi da-na-sani ba."

Baffa ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kafaɗar surukinsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai yawa, yawan da ba mai iya ƙirgawa."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.