Gawa a Ƙarƙashin Landiroba

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, aka kawo labari kwamisariyar 'yan sandan Magaria cewa mota ta faɗa wa Bunu makanike. Insifekta Maiwada ya ɗauki hularsa ya nufi garejin.

Wata Landiroba ce ta zauna a ƙirjin Bunu, ƙafarta ta baya a cire. Sai da ƙarti shida suka ɗaga ta aka jawo shi. Haƙarƙarinsa sun kakkarye, jini ya cika masa baki. Jama'a na ta cewa kirik ɗin da ya ɗaga motar ne ya zame, kwana ya ƙare.

Maiwada ya duba kirik ɗin. Bai zame ba, murɗa shi aka yi har ƙasa. Ya juya gawar, sai ga ƙeya ta dare gida biyu, alhali a ƙirji motar ta danne shi.

Ya leƙa ƙarƙashin motar. Ganyen rasor Bunu yake ƙarawa, wato ƙarafan nan da ke ɗaukar nauyin mota. Dama goma sha ɗaya, hagu goma, babu ɗaya. A cikin gangar ruwan faci ya tsamo ɗayan, gashi manne a bakinsa.

Mai motar, Alhaji Tanko ɗan kasuwar gyaɗa, ya zo biro, wato ofishin Maiwada, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Ya ce igiyar rago ce ta yanke shi, kuma a sahun gaba ya yi Juma'a.

"Wa ya ce a sauya tayoyi da rasor?"

"Direbana Laminu. Ni ko tuƙi ban iya ba, Insifekta."

Laminu kuwa a kwance Maiwada ya same shi a soron gidansu, kurkunu ya kumbura masa ƙafa, sati uku ko bayi sai an riƙe shi. Ya ce shekara guda yana roƙon a sa faffaɗan taya saboda rairayin hanyar Dungas, a ƙara ganye biyu don buhunan gyaɗa su daina durƙusar da motar, Alhaji yana cewa ɓarna ce. Kwatsam ran Litinin ya ji an kai ta gareji, wai a sauya ƙafafu huɗu duka.

"Wa ke tuƙa ta tun da ka kwanta?"

Laminu ya kau da kai. "A ajiye take."

"Ƙarya kake. Akwai kashin jaki manne a ƙarƙashinta."

Sai Laminu ya ce shi da kansa ya koya wa Alhaji tuƙi bara.

Da la'asar Maiwada ya je gidan rasuwa. Kande, matar Bunu, ta ja shi gefe. Ta ce ran Laraba maigidan ya gangaro da tsohuwar taya ya ɓoye a garken awaki, ya kasa cin tuwo. Bai faɗi sunan kowa ba, ya dai ce ya ba wani mutum zuwa Juma'a ya kai kansa wurin hukuma.

Tayar tana da facin da aka ɗaure da ƙusoshi uku. A cikinta Bunu ya cusa wani yagaggen baƙin zane da ya bushe da jini.

Nan take Maiwada ya tuna. Kwana goma da suka wuce jandarmomin Dungas sun aiko da takarda: mota ta take wata tsohuwa mai tallar nono, Ya Kaka, da jakinta a hanyar Guci, ta ja ta taku arba'in a ƙasa ta gudu. Sun zana sawun tayar, da ɗigo uku a jikinsa.

Washegari da hantsi ya tarar da Alhaji Tanko a rumfarsa, ya jefa tayar a gabansa, ya ce ya kwance tsumman. Maimakon haka Tanko ya fizgo ƙarfen awo ya kai masa sara. Ƙarfen ya fasa wa Maiwada gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya kama hannun mai ciwon ya murɗe har Tanko ya durƙusa yana ihu. Tsumman ya faɗi. Yanka ne miƙaƙƙe a tafin hannu, da baƙin man mota a cikinsa.

"Igiya ba ta yanka haka, Alhaji."

Nan Tanko ya saki jiki. Ya ce birki ya nema ya taka totur, ya ji ƙarar ƙashi, tsoro ya hana shi tsayawa. Ya sauya tayoyi don sawun ya ɓace, sai Bunu ya tsinci zanen a maƙale cikin rasor. Ya lallashe shi ya ƙi, shi ya sa ya jira gari ya watse masallaci, ya same shi a duƙe ya rafka masa ganyen a ƙeya har ƙarfen ya yanke shi a tafin hannu, ya tura shi ƙarƙashi ya sauke kirik.

"Da ransa lokacin da ka sauke motar?"

Tanko ya sunkuyar da kai. "Yana kiran sunana."

Maiwada ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba ta tsakiyar kasuwa zuwa gidan kaso.