Harafin da Ya Tona Sharu

“Zuwaira, ko ke kika kwafa, ko Ihlas. Wadda ta yi, yau ta bar kulliya.”

Ustaz Jibrin, malaminsu a kulliya, wato kwaleji, ya shimfiɗa takardun biyu a kan tebur. Binciken ƙarshen shekara ne a kan adabin Ingilishi, tun daga waƙoƙin mutanen farko har zamanin Fiktoriya. Wata huɗu Zuwaira ta yi tana fama da shi, har dawar babanta da ke Gedambaliya sai da ta tafi wajen sayen littattafai.

Ihlas, Balarabiya 'yar mai motocin garin Doka, ta gyara taubinta, lafayar da ta yafa. “Ustaz, ni zan kwafi aikin Bafallatiya?” Haka Larabawan garin suke kiran Bahaushiya.

Zuwaira ta waiga bakin ƙofa, inda Sharu yake tsaye. Shi ne wanda ta yi wa Goggo rantsuwa a kansa, ranar da tsohuwar ta ce yaron da ke jin kunyar yin Hausa a kasuwar Gadarif ba mijin aure ba ne. Shi kaɗai ta taɓa ara wa binciken.

“Sharu, gaya musu mana...”

Bawan Allah sai ya kama kallon silin.

Ta jawo takardar Ihlas. An buga ta da tafireta, tsaf. Layi uku ta karanta, ta tsaya cak.

Balarabe in ya zo kan harafin P, B yake mai da shi. Bahaushe kuwa F. Ga shi nan duk inda aka ambaci mawaƙi ko waƙa, wato poet ko poem, F ce zaune daram. Ita tun a shekarar farko ta rabu da wannan kuskuren. Mutum ɗaya ta sani da ya kasa, wanda ta shekara uku tana gyara masa a gindin dalbejiya, yana dariya yana cewa, “Habibti, harshen kakannina ne ya ƙi sakina.”

Ashe ba sace binciken aka yi daga hannunsa ba. Zama ya yi ya buga wa wata, harafi bayan harafi.

“Ustaz, duba nan. Wannan kuskuren namu ne, ba nasu ba. Kuma babu shi a tawa.”

Ustaz ya duba, ya ɗago ido ya sauke a kan Sharu.

Sai ga Hausa ta dawo bakin Sharu, a gaban kowa. “Zuwaira, ki rufa mini asiri. Baban Ihlas ya yi mini alkawarin aiki... don aurenmu na yi, wallahi.”

“Da korata za ka aure ni?”

Tana son sa, ko a lokacin ma tana son sa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta share hawayenta, ta juya ga Ustaz, ta yi magana da Larabci don kowa ya ji.

“Shi na ba wa. Rubuta sunansa.”