Lasisin Namadi

Igiya, shebur biyu, tocila, tabarma, kwalbar turare. Abin da ke bayan motar ke nan lokacin da Sufeto Barau ya sauka daga kwalta ya kama hanyar dajin Bukkuyum, Kofur Sanusi na tuƙi. Masu haƙar zinare ne suka kawo rahoto: sun koma wani tsohon rami, sun tarar da mutum a ciki.

A bakin ramin Barau ya ɗaura igiya ya sauka.

Ba jefa gawar aka yi ba. An fafe gefen ramin, an kwantar da ita a kan hannun dama tana kallon alƙibla, an jera duwatsu an toshe. Likkafanin ya rine da jar ƙasa amma bai ruɓe ba. A bakinsa akwai ɗan ɗinki na shuɗin zare, kamar sawun kaza.

"'Yan bindiga ne, yallaɓai?" in ji Kofur daga sama.

"Ɗan bindiga ba ya neman alƙibla."

Ƙasusuwan ƙirjin sun farfashe. Ƙafar hagu yatsu uku ne. Da aka fito da gawar, wani tsohon mahaƙi ya duba ya kau da kai.

"Direba guda nis sani mai ƙafa haka. Namadi na Anka, mai kawo muna ruwa. Tun damana ba mu gane shi ba."

Barau ya yanke wurin ɗinkin ya sa a aljihu.

A Anka, matar Namadi, Saude, ta tsaya a bakin zaure ta saurare shi har ya gama. Ba ta yi kuka ba.

"Ba shi ba ne, yallaɓai. Mijina na da rai."

Ta miƙo wata tsohuwar waya da Namadi ya bari a gida ranar da ya fita. Saƙo ne da Turanci, ya shigo bayan an gama girbi: an karɓi sabunta lasisin tuƙinsa.

"Na so in kai ƙara an rasa shi, sai wanga ya shigo. Mamaci na sabunta lasisi? Ni dai ina zaune. Ba a ce mini bazawara, ba a ce mini matar aure."

Ƙanin Namadi, Saminu, ya fito daga ciki yana juya makullin mota. Kamarsu ɗaya, in ji maƙwabta, sai dai tabon da ya raba girar Saminu biyu.

"Yaya yana Fatakwal yana jan tanka. Watan jiya ma mun yi waya."

"Da wace lamba?"

"Ta wani ya ara."

"Motarsa fa?"

"Ni nike riƙe da ita, kafin ya dawo."

Kiran waya ɗaya zuwa ofishin lasisi na Gusau ya nuna cewa a Gummi aka biya kuɗin, ta intanet aka cika komai. Shagon kwamfuta na biyu da suka shiga a Gummi na wani ne mai suna Dodo. Janareta na kuka a ƙofa. Barau ya tambaye shi wanda ya zo sabunta lasisin Namadi.

"Shi ya zo da kanshi, ranka ya daɗe. Nan ya zauna."

"Buɗe mu gani."

Dodo ya sa lambar lasisin. Shafin ya daɗe yana juyawa, sannan fuska ta fara sauka daga sama: hula, goshi, idanu. Namadi ya kalle su daga gilashin, a ƙasansa an rubuta yana da izinin tuƙi har shekara uku masu zuwa.

"Wannan mutumin yana cikin rami tun damana," in ji Barau. "Ko dai fatalwa ka yi wa aiki, ko ka sake tunani."

Dodo ya ja kujerarsa baya.

"Wallahi da katin aka zo mini. Ya ce a bar tsohon hoto, kar a nemi sabo. Na ce in sa lambar wayarshi, ya ce a'a, tsohuwar lambar za a bari, can yake so saƙo ya tafi. Da hoton ya fito sai ya tashi ya fita. Cikin rana ya tsaya har na gama."

"Kamanninsa?"

"Kamar na hoton. Amma da tabo nan." Ya taɓa girarsa.

Washegari da hantsi Barau ya koma gidan. Bai nemi Saminu ba, ya nemi tsohuwa, mahaifiyarsu. Inna Hamsatu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗora ƙyallen a tafin hannunta.

Ta shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Ina ka samo wanga, ɗan nan? Alamata ce. Likkafanina ne, na Makka, da zamzam na wanke shi. Yana ƙasan akwatina."

"A duba, Inna."

Saude ta jawo akwatin tsakar gida. Zannuwa, kwalli, dardumar salla. Ƙasan akwatin babu komai sai ƙamshin kafur.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon wurin. Ba ta ambaci sunan ɗan farinta ba, ba ta taɓa ambata ba.

"Wa aka sa ciki?" ta ce.

Saminu yana tsaye a bakin zaure, Kofur a bayansa. Barau ya juya.

"Ina naka lasisin?"

"Ban da shi."

"Ranar da kuka kai ruwa Bukkuyum, wa ke tuƙi?"

Saminu ya zame jikin bango ya zauna.

"Ya shiga ƙarƙashin motar yana gyara. Ya ce kar in taɓa komai. Ni kau na ce in nuna mishi na iya, na tada ta. Sai ta zabura." Ya haɗiye yawu. "Na ɓoye shi, na dawo gida na ɗauki ƙyallen, na koma. Ni na yi mishi wanka. Ni kaɗai na yi mishi salla. Ba ni iya jefa Yaya kamar kare."

"Saƙon fa?"

"Saude ta fara zancen 'yan sanda. Na ce in ta ga saƙo ta kwantar da hankali."

"Ka ci tuwona kullum," in ji Saude. Muryarta ba ta tashi ba. "Kullum kana ce mini ya gaishe ni."

Kofur ya sa masa ankwa ya fita da shi. Inna ba ta ɗaga kai ba. Ƙyallen yana hannunta.

Saude ta cire 'yan kunnenta da awarwaro, ta ajiye a kan akwatin. Wata maƙwabciya da ta shigo ta ce mata ai malamai za su ce kwanakin takaba sun wuce tuni, tunda daga ranar mutuwa ake lissafi.

Barau ya miƙa wa Saude wayar. Ba ta karɓa ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, suka ji sakata ta faɗa.

"Su ce," in ji ta daga ciki. "Ni yau mijina ya mutu. Yau zan fara."