Layin Da Ya Yanke Tsakanin Kunci Da Makoda

A ƙarƙashin teburinta Safiyatu ta fara ganinsa, yana bin wata waya da hannu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Malam, lafiya?"

Ya ɗago, sai da ya ɗan diririce. "Sunana Khalilu. An turo ni in zana yadda kwamfutocinku suke haɗe da juna."

Ita ce akawun ƙungiyar manoman Makoda. A shekarar taki ya gagari talaka, sai wanda ƙungiya ke rabawa, shi ma sai sunanka ya fito a kwamfuta. Ga damina ta kankama, ga sunayen waɗanda suka yi rajista a reshen Kunci sun ƙi fitowa, har da na mahaifinta, Malam Inuwa. Wanda ya haɗa na'urorin kuwa ya bar gari tuntuni.

Khalilu ya duƙufa zane a kwali: sola zuwa batir, batir zuwa kwamfuta, kwamfuta zuwa akwatin intanet. Safiyatu ke riƙe masa kwalin. Kafin su ankara sun shaƙu, har yana kiranta Fitilata.

Basiru mai kula da sito, wanda ya daɗe yana sonta, ya kai wa Malam Inuwa tsegumi cewa baƙon nan ne ya goge sunayen.

"Gerona yana ja a gona," in ji Malam Inuwa ga Safiyatu, "ke kina can kina dariya da wanda ya jawo mana? Kada in sake jin sunansa!"

Tana kuka ta tura saƙo: "Khalilu, Baba ya hana. Kuma za a mayar da takin zuwa birni. In ya tafi mun rasa abincin shekara, ni na rasa ka."

Ya amsa: "Fitilata, saura layi ɗaya ban bi ba. Babu mai a babur, amma zan isa Kunci ko da ƙafa ne."

Da ƙafar ya ƙarasa, cikin taɓo. A can ya tarar an rufe layin wayar da ke cikin akwatin intanet na reshen, shi ya sa komai ba ya isa Makoda. Ya zare layin wayarsa ya saka a akwatin.

Ana cikin loda buhuna a mota sunaye suka fara sauka gaban Safiyatu. Ta fita da gudu tana ihu a tsayar da lodi. Ta kira Khalilu, wayar ba ta shiga. Ta yi ta kira har hawaye suka zubo, sai ga shi da la'asar yana ɗingishi, takalmi a hannu.

Malam Inuwa, da ya zo karɓar takinsa ya ji abin da ya faru, ya daɗe yana kallon ƙafafun Khalilu. "Yaro, na zalunce ka. Ka turo magabatanka."

Da kaka, bayan gero ya shiga rumbu, aka ɗaura aure. Malam Inuwa ya dafa kan Safiyatu, idonsa ya cika.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba."