Akuyar da Ango Ya Goyo

"An fasa auren nan!"

Muryar Baba ta daki kunnena tun kafin in ajiye jakata. Yana tsaye a tsakar gidanmu na Magajiya yana huci, Mama na gefe tana share hawaye da bakin zane.

"Baba... me Kefas ya yi?"

"Ki tambayi jikinsa! Comfort ta je duba shi, ta gani da idonta. Ƙuraje har tafin hannu, zazzaɓi kwana bakwai, maganin maleriya bai yi ba, na taifod bai yi ba. Godiya, ni ba yaro ba ne. Ciwon zamani ne!"

Comfort! Tare muke waƙa a coci, amma tun ranar da Kefas ya fara raka ni gida ta daina amsa gaisuwata. Yau kuma ita ce sarkin tausayi mai duba marar lafiya.

"Amma mun yi gwaji, Baba. Fasto ya ga takardar."

"Takarda? A garin nan ko ta mutuwarki kike so, za a buga miki. Jibi Lahadi ce sanarwar aurenku ta uku. Fasto na tambaya ko akwai mai ja, ni da kaina zan miƙe!"

Ban tsaya jin sauran ba. Na tare ɗan acaɓa, sai Iku, unguwarsu Kefas.

Ƙanwarsa Rahila ce ta buɗe mini ƙofa, idanunta jawur. Na tarar da shi kwance a kan katifa. Kefas ɗina, malamin makarantar da muryarsa ke cika aji, yau da ƙyar yake ɗaga ido.

"Zuciyata... kin zo?"

"Ina zan je in ban zo ba?"

"Na ji abin da ake faɗa. Ban taɓa cin amanarki ba, Godiya..."

"Yi shiru, masoyi. Na sani."

Na faɗa ne kawai, amma tsoro ya cika ni fal, don ga ƙurajen nan jajaye ko'ina. Na jiƙa tsumma ina goge masa jiki. Da na ɗaga kansa zan goge ƙeya, sai hannuna ya tsaya cak.

Wani baƙin tabo ne, kamar an ɗana masa wutar sigari, ja ya kewaye shi.

Shekara huɗu ina aiki a shagon maganin dabbobi. Na taɓa ganin irinsa a wuyan wani makiyayi da ke sayen magani a wurinmu, ya ce mini cizon kaska ne, kuma sai da ya kwantar da shi.

"Kefas! Me ka ɗora a wuyanka kwanan nan?"

Ya yi ɗan murmushin wahala.

"Akuyarki mana..."

Wayyo! A gidanmu ba a sayen akuyar aure a kasuwa. Sai an kamo ta daga garken uban ango, ango ya goyo ta a kafaɗa har ƙofar surukai. Haka Baba ya yi wa Mama, haka kuma ya kafe sai Kefas ya yi. Bawan Allahn nan da bai san komai ba sai alli, ya goyo ta tun daga tasha, sati biyu da suka wuce.

"Rahila, kira mai keke! Asibiti za mu!"

Dakta Abimbola ta duba tabon, ta duba tafin hannunsa, ta girgiza kai.

"Ku mutanen nan, kowane zazzaɓi maleriya da taifod! Wannan zazzaɓin kaska ne. Akwai ƙwayar cuta da ake kira riketsiya, kaska ke zuba ta a jini idan ta ciji mutum. Maganin da kuka ɗura masa ba ya taɓa ta."

"Dakta... zai tashi?"

"Zan fara ba shi doksisaikilin yanzu-yanzu. Da kun ƙara kwanaki, da ban yi miki alkawari ba. Amma ke, waye ya koya miki duba ƙeya?"

"A shagon maganin dabbobi na koya, Dakta," na ce cikin kuka.

Washegari na nufi bayan gida inda akuyar ke ɗaure. Na juya kunnenta, na ɗaga wutsiyarta. Ga kaska nan sun sha jini sun yi ɓul-ɓul. Na cire shida da hantsaki, na zuba a kwalba, na durƙusa gaban Baba na ajiye tare da takardar sabon gwajin da aka yi wa Kefas a asibiti.

"Baba, ga ciwon zamanin Kefas. A jikin akuyar da ka ce ya goyo na samo su."

Ya dubi kwalbar. Ya dubi takardar. Ya tashi ya shige ɗaki.

Ranar Lahadi ina cikin mawaƙa. Fasto ya karanta sunayenmu, ya ce, "Ko akwai mai ja?"

Baba ya miƙe.

Na hango Comfort tana gyara zama.

"Ina da magana," ya ce. "Akuyar da na tilasta wa yaron nan ce ta kwantar da shi, bakina kuma ya nemi ƙarasa shi. Na ɗauki maganar da ban bincika ba. Ku shaida, ina neman gafararsa. A ɗaura auren nan!"

Cocin ya ɗauki guɗa. Comfort ta sunkuyar da kai cikin littafin waƙa, har aka tashi ba ta ɗago ba.

Ana tashi na ruga asibiti. Na tarar da Kefas zaune, zazzaɓin ya sauka, yana shan kunu. Yana ganina ya ajiye kofin.

"Zuciyata... Baba ya miƙe a coci?"

"Ya miƙe."

Fuskarsa ta sauya.

"Ya miƙe ya nemi gafararka a gaban kowa, ango!"

Ya rufe ido, hawaye na bin kumatunsa, ya damƙe hannuna gam.

"Ki gaya wa Baba, in akwai wata akuyar, zan sake goyowa."

"Ba za ka taɓa ta ba," na ce ina kuka ina dariya, "sai na yi mata wanka da hannuna."